Hannun Uba a Jikin Giyabos

Zauna, Ilu. Ka ce giyabos ɗin injinka ya tsaya, wasu sun ce ka gyara, wasu sun ce ka sayi sabo, kai kuma ka kwaso ƙafa ka zo wurin tsohon da ko sufana bai iya riƙewa ba. To, ni ban san ƙarfe ba, amma na ɗan san mutane. Bari in ba ka misali.

An yi wani mutum da ya gaji injin matsar man gyaɗa daga mahaifinsa. A jikin injin akwai giyabos irin naka, akwatin ƙarfen nan mai haƙora a ciki, wanda ke karɓar gudu ya mayar da shi ƙarfi. Mahaifin ne ya ɗaura shi da kansa, kuma yana da wata al'ada: kullum in aiki ya kankama sai ya zo ya ɗora tafin hannunsa a gefen akwatin, ya yi jim, sannan ya wuce. Shekara da shekaru yana haka, har fentin wurin ya koɗe, siffar hannunsa ta fito sarai da yatsunta. Da Allah ya yi masa rasuwa, ɗan ya ɗauki al'adar, hannunsa kuwa ya zauna cif a gurbin. Ba shi da hoton mahaifinsa ko ɗaya, wannan gurbin shi ne hotonsa. In ya ɗora hannu ya ji ɗumi, sai ya ga kamar yanzun nan tsohon ya ɗauke nasa. Wallahi ko ni da nake ba ka labarin, abin yana taɓa min zuciya.

Ana nan sai haƙori ɗaya ya karye a ciki. Bakanike ya buɗe murfi, ya shafo baƙin mai, ya ga garin ƙarfe yana ƙyalli a yatsansa. Ya ba da shawara a kwance akwatin a kai birni, a fitar da haƙoran gaba ɗaya a sa sababbi, gangar jikin kuwa lafiyarta ƙalau, za ta daɗe. Mutumin ya ce atafau, abin da mahaifinsa ya ɗaura ba shi zai kwance ba. In an kai birni ma, wa ya sani ko su kankare su sake fenti? Sai ya kira mai walda, aka cike haƙorin a inda yake, aka goge, inji ya tashi, kowa ya ce barka. Amma haƙorin ciko bai zauna daidai da 'yan'uwansa ba, duk juyi sai ya ɗan ci na kusa da shi. Wani ya karye, aka cike. Wani ya sake karyewa, aka sake cikewa, har mai walda ya fi sanin hanyar rumfar injin da hanyar gidan surukansa. Akwatin kuwa kullum ƙara zafi yake yi. Mutumin yana ɗora hannu yana ji, ɗumi ya koma zafi, zafi ya kai ga sai ya yi maza ya janye hannu, amma bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Shi dai gaisuwa yake zuwa yi.

Tsakiyar kaka, ranar da mata suka cika rumfar da kwanukan soyayyiyar gyaɗa, sai aka ji ƙara kamar an saki tukunyar ƙarfe a kan dutse. Guntun ciko ne ya ɓalle ya maƙale tsakanin haƙora. Akwatin ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar ta bi ta tsakiyar tafin hannun nan ta raba shi biyu, baƙin mai ya malalo ƙasa. Yanzu kam zancen gyara ya ƙare. Mata suka kwashe gyaɗarsu suka nufi wani gari, don kasuwar ƙuli-ƙuli ba ta jiran kowa. Mutumin ya zauna dirshan ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza.

Wata tsohuwa ce kaɗai ta tsaya, wadda ke kawo gyaɗa tun zamanin mahaifinsa. Ta bari sai da ya numfasa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai mahaifinka ba don ƙauna yake dafa ƙarfen nan ba, zafinsa yake aunawa. Ran da ya ji ya wuce kima, kashe injin yake ya ce mu dawo jibi. Mu yi ta mita, shi ko a jikinsa. Yi haƙuri, ka ji? Allah ya jiƙansa."

Mutumin ya sayi sabo, amma sai da kaka ta wuce aka ɗaura. Tsohon akwatin ya ajiye shi a bakin rumfa, mata na ɗora kwanukansu a kai. Har yau yana dafa gefen sabon kullum, sai dai yanzu in ya ji zafi ya yi yawa yakan kashe inji ya sallami mutane. An ce fentin wurin ya fara koɗewa.

To, Ilu, ni ban ce ka gyara ba, ban kuma ce ka saya ba. Je ka a buɗe murfi ka gani da idonka, abin da ya mutu a ciki ka bar shi ya tafi tun gangar jikin tana da sauran kwana. Da mutumin nan ya yarda an kwance noti an kai birni, da hannun mahaifinsa yana nan garau har gobe. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira akan rasa ido.