Tambayar Sirri

Kwana uku ke nan Malama Haulatu na zaune gaban kwamfuta a laburaren Kankia, tagogi a rufe saboda hasken majigi, fanka sai juya zafi take yi. Shekara ashirin da biyu tana jera littattafai a ɗakin nan, ko ido rufe ta san mazaunin kowanne. Yanzu kuma wai sai ta yi rajista a sabon shafin intanet. Takardar da aka aiko daga Katsina ba ta yi wani ɓoye-ɓoye ba: duk wanda bai kammala ba kafin la'asar ɗin Alhamis, a cire sunansa daga ma'aikata. Yau ce Alhamis ɗin.

Mai koyar da su wani dogon saurayi ne da katin aiki rataye a wuya, kowa Injiniya yake ce masa. An ce ma shi ya tsara shafin da kansa. Ranar farko har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta, ya kira ta Adda. Ita kuwa ta amsa a ciki, ta kau da kai wajen kantar ƙamus. Tun daga nan, in ya nufo teburinta sai ta sunkuyar da kai.

Luba, abokiyar aikinta da ta zo daga Kusada, bakinta ba ya shiru. Ta ce wannan ƙiyayya ta yi yawa, yaro mai ladabi haka, an ɗauki haushin kwamfuta an juye wa bawan Allah.

Alhali ba kwamfutar ce ta gagari Haulatu ba. Ta iya riƙe linzamin kwamfuta, ta sa sunanta, ta sa garinsu Kaikai, ta sa lambar waya. Akwati ɗaya tak ya rage, wanda suke kira tambayar sirri, don ranar da mutum ya manta kalmar shiga. Luba makarantar da ta fara yi aka tambaye ta, wasu kuma sunan unguwa. Ita kaɗai shafin ya tsare da cewa: Mene ne sunan ɗanki na fari?

Ta danna gaba, akwatin ya yi ja. Ta koma baya, ya sake dawo da ita wurin. Gaba kura, baya sayaki.

Bafulatana ce, kuma a gidansu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Nata tun daga yaye aka miƙa shi ga kakarsa, ya tashi yana kiranta Adda. Sumaiya da Karima, 'ya'yanta mata, kullum suna bakinta, amma shi, shekara talatin ke nan bakinta bai furta sunansa ba, hannunta bai rubuta ba.

Luba ta matso ta raɗa mata: "Ki sa Sumaiya mana, wa zai sani?"

"Kunyarshi nike ji, ba gudunshi nike ba," in ji Haulatu. "Ba ni sa wani a gurbinshi."

Janareto ya fara tari. Kowa ya gama, an bar ta ita kaɗai, zufa na bin bayanta. Injiniya ya zo ya tsaya gaban teburin, hannuwa a baya. Luba ta roƙe shi don Allah ya canza wa baiwar Allah tambaya. Kansa a ƙasa ya ce wannan ba ta canzuwa.

Daga masallacin bakin hanya aka fara kiran la'asar.

Haulatu ta yi bisimilla, ta ɗora yatsa ɗaya. Ta buga harafi bakwai, sai ta cije: ba ta san ko D ɗaya ake sawa ko biyu ba. Nan ta ɗaga ido, karo na farko cikin kwana uku, ta dubi katin da ke ƙirjin Injiniya, ta kwafe sauran daga can: Sharafaddeen.