Koriyar Fitila a Ƙofar Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa Mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Tun da hukuma ta ja wa kowane gida kebul ɗin intanet aka daina zagayen gaisuwar safe. Mai gida kan kunna kwamfutarsa ya haɗa ta da layi, koriyar fitila ta kama a ƙofarsa, maƙwabta su san ya kwana lafiya.

Malam Haladu ya sa an saita tasa tana tashi tana haɗa kanta. Kwana huɗu ya yi a mace, fitilarsa tana shaidar lafiyarsa. Amininsa Malam Zubairu, wanda ya yi masa wanka, ya doshi shagon Tanimu mai gyara.

"Ka cire mini saitin nan daga kwamfutata. Da hannuna nake so in haɗa."

"Baba, yanzu doka ce, kowace da kanta take haɗuwa. Ai hutu aka ba ku."

"To in na cika, wa zai sani?"

"Haba Baba, Allah ya ja da rai!"

Malam Zubairu ya koma gida ya zare kebul, fitila ta mutu, ya zauna a zaure yana jiran mai tambayar lafiyarsa. Sai da la'asar aka yi sallama. Tanimu ne. Ya mayar da kebul, ya ce, "Kar ka ƙara taɓawa, Baba," ya fita.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya ba mai karatu maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Amin.