Ɗigo ɗaya na batir

Ina shekara goma sha biyu Kawu Lawali ya zo mana Shinkafi da wata tsohuwar laftof da faifan wasan tseren mota. Wasan ya ƙi buɗewa, domin ba don irin tsarin kwamfutar aka yi shi ba. Yayana Bashir ya gwada sau biyu ya watsar.

Ni ce na tuna da wata manhaja da malamin kwamfutarmu ya taɓa nuna mana, mai yin tafinta tsakanin wasa da na'ura. Na kwafo ta a filas, ɗan abin ajiyar bayanan kwamfuta. Kwana huɗu ina fama, ina sauya saiti, allo na yin baƙi.

Ranar Alhamis bayan la'asar, batir saura ɗigo ɗaya, ga shi babu wuta, sai jar mota ta bayyana tana ruri. Yatsana na kan maɓalli Kawu ya shigo.

"Kai! Wa ya tashe shi?"

"Ni ce, Kawu."

Ya yi dariya, ya ɗauke laftof ɗin daga cinyata. "Bari Bashir shi fara, kar ki ɓata muna shi."

Bashir ya yi ta kara motar da bango har allon ya mutu. Ko sau ɗaya ban tuƙa ta ba.

Yau kwamfutoci nake sayarwa a Ƙaura. Kawu yakan kawo tasa gyara, in gyara masa da ladabi. Amma kafin ya karɓa, sai ya tsaya na gama gwada ta, kuma ba na sauri.