Mai Manhajar Tsamiya da Gawo

Nazifi, na ji ƙorafinka. An ce ka zaunar da sabon ma'aikacin nan ka koya masa ɓangarenka na manhajar kwamfuta, kai kuma kana ganin ranar da ya iya, ranar za a sallame ka. Ban ga laifinka ba, mai iyali dole ya yi tunanin tuwon gobe. Amma ajiye wayar nan tukuna, in ba ka wani misali.

An yi wani mai rubuta manhaja a wani kamfanin motocin dakon kaya. Gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Shi ya rubuta ɓangaren da ke raba wa motoci kaya, wannan ta ɗauki albasa ta yi kudu, waccan ta ɗauki siminti ta yi gabas. To ka san al'adar sana'ar nan tamu: duk yankin da mutum ya rubuta sai ya raɗa masa sunan da zai nuna aikinsa, ya kuma bar ɗan bayani a gefe saboda wanda zai zo bayansa. Shi wannan sai ya ƙi. Sunayen itatuwan garinsu ya bi yana raɗawa. Yankin da ke auna nauyin kaya ya kira shi tsamiya, mai zaɓen hanya gawo, mai lura da direban da ya daɗe bai huta ba kuma kanya. Bayani kuwa ko layi ɗaya babu. In ranar duba aikin juna ta zo, abokan aiki suka buɗe nasa suka tarar da daji, sai ya yi murmushi ya ce tunda abu yana aiki, a bar kaza cikin gashinta. Tunaninsa shi ne muddin shi kaɗai ya san hanyar dajin nan, ba mai taɓa kujerarsa. Kuma ba a taɓa ba. Har a wurin sunan ɗan ƙanwarsa, ana cikin raba goro, sai da aka kira shi daga ofis wai motoci sun tsaya cik. Ya fito yana tsaki a gaban dangi, amma can cikin ransa daɗi yake ji, ga shi ba a iya komai sai da shi.

A teburin da ke kusa da nasa akwai wata mata. Ba ta kai shi sauri ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Sai dai duk abin da ta rubuta, ko baƙo ya buɗe zai gane inda ta dosa. In aka kawo sabon ma'aikaci takan ja masa kujera, ta bar shi ya taɓa aikinta, ya ɓata, su gyara tare. Shi gwanin har tausayinta yake ji. Wata rana ya ce mata tana kiwon waɗanda za su karɓe mata wurin zama. Ta yi dariya ta ce, "Malam, in ba a karɓa ba, yaushe zan tashi?" Ya ɗauka raha ce irin ta ofis, ya ci gaba da dashen itatuwansa.

Ana nan sai kamfani ya samu babban aiki, ana neman wanda zai jagoranci sababbin ma'aikata a kansa. Manaja bai yi wata-wata ba ya zaɓi gwanin, don ya cancanta, ya ce ya miƙa tsohon aikinsa ga wani. Nan fa ake yin ta. Wanda aka miƙa wa ya shiga dajin ya rasa gabas da yamma. Ya taɓa gawo yana zaton tsamiya ce, motar tumatir ta bi doguwar hanya, kafin ta isa kasuwa kayan sun zama ruwa. Shi kansa gwanin da ya zauna zai yi bayani, sai ya tarar akwai itatuwan da ya manta dalilin dasa su. Manaja ya kira shi ya ba shi haƙuri, ya ce ya koma kujerarsa, kamfani ba zai iya ɗaga shi daga wurin ba. Matar nan kuwa ita aka ba jagorancin, ta tashi da safe ta koma sabon ofis, aikinta bai ko girgiza ba, domin akwai hannuwa da yawa da suka san shi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ƙarshen. Shekaru suka wuce yana gadin dajinsa, abokansa suna koyon sababbin hanyoyin aiki, shi ba shi da sararin ɗaga kai, kullum ana kiransa gyara. Daga baya kamfani ya gaji da manhajar da mutum ɗaya ne kawai ke iya taɓa ta, aka rubuta sabuwa tun daga tushe, aka ajiye tsohuwar. Ranar ya duba hannunsa, ba abin da ya iya kamar tsamiya da gawo, su kuma ba mai neman su.

Saboda haka, Nazifi, gobe ka ja wa mutumin nan kujera kusa da taka, ka buɗe masa komai. Wancan gwanin ya je tsare wurin zama ne ya rasa damar tashi, daga baya na zaman ma ya kuɓuce masa. Shi ya sa Hausawa ke cewa garin neman gira a rasa ido.