Ranar da Goggo Ta Kashe Bidiyo

Goggo, ƙanwar babana, tela ce a Dilimi, ba ta yi boko ba. Ni nake karanta mata littafin hikaya tana taka keke, duk da in'inar da ake min dariya a kanta a aji.

Da la'asar ɗin da aka kawo kaset ɗin fim ɗin littafin, gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, aikina ya ƙare.

Jarumar na fara magana tar-tar, Goggo ta ja tsaki ta kashe bidiyon.

"Wannan ba ita ba ce. Tawa in'ina take yi. Ɗauko littafin, 'yar nan."

Yau ni ce malama, ni nake tsayawa gaban aji. Allah Ya jiƙan Goggo.