Yatsun Falalu

Zubaidatu ta sami shagon Falalu a wani lungu na unguwar Misfala, a Makka. Falalu, wanda jitarsa ta lantarki ta taɓa girgiza Sabon Garin Kano, yana zaune yana zura 'ya'yan carbi a zare.

"Tafaddali, Hajiya," ya yi mata bismilla da Larabci, ya zuba mata shayi.

Ta miƙa masa katin gayyata. Za a yi jerin wasanni a Kano don karrama tsofaffin makaɗan jita, kuma ita ce mai shiryawa.

"Baba ya rasu bara," ta ce. "Da ciwo ya tsananta, kaset ɗinka kaɗai yake yarda a saka masa."

"Shi da ya ce ba ya haɗa zuri'a da makaɗi?"

"Shi fa." Ta dubi kofinta. "Ni ma na daɗe da fita takabar mijina. In ka zo, ba sai ka dawo ba."

Ya juya hannunsa. Kantar jita ta ɓace daga yatsunsa, sun yi laushi.

"Na rantse a gaban Ka'aba ba zan sake taɓa jita ba."

"Saboda wa?"

"Saboda ke. Don in cancanta."

Ta daɗe tana kallon yatsun. "Ni kuwa makaɗin nake so. Ba wanda ya tambaye ni."

Ya zaɓi carbi mafi kyau, ya naɗe mata shi a cikin katin gayyatar. Ta karɓa da hannu biyu, kamar yadda ake karɓar tsarabar Makka daga kowane dattijo.