Sharaɗin Tilek

Ana ba makaɗa hutu Ayzada ta sauko daga dandamali da gogenta a hannu. Iyalai sun cika lambun shaƙatawa na birnin Bishkek, kowa ya baje a ciyawa, tunda kiɗan bazara kyauta ne. Yau Tilek ya kawo mahaifiyarsa, wadda yake kira Apa, ta ga Ayzada da yake son aura.

Ta same shi a bayan dandamali yana kai da komo.

"Apa ta amince," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Amma bayan biki sai ki ajiye gogen."

Ayzada ta leƙa. Ga tsohuwar can a bencin gaba, bakinta har kunne, tana nuna wa maƙwabciyarta kujerar da Ayzada ta tashi daga kai.

"Tilek, dube ni. Ita ta faɗa, ko kai?"

"Kin san maza nawa ke kallonki a nan?"

Aka kira makaɗa su koma. Ta daɗe tana dubansa.

"Ka gaishe min da Apa," ta ce. "Kuma kar ka ɗora mata laifin rabuwarmu."

Ta hau matakala ba ta waiwayo ba.